Me Ya Sa Mai Imani Ke Tsoron Tambayar da Ke Cikin Ransa?

Akwai mutumin da za ku zauna ku yi musun siyasa har dare ya raba, wanda ba ya yarda da maganar likita sai ya ji ta wani likitan, wanda ke bin lissafin kuɗinsa layi-layi don kada a cuce shi. Ba ya karɓar magana don kawai babba ne ya faɗe ta. Amma ranar da wata tambaya ta gilma masa game da addininsa, a ce me ya sa Mai rahama zai bar jariri ya sha wahalar ciwo, ko yaya ƙaddara da zaɓin ɗan Adam suke haɗuwa, sai gabansa ya faɗi. Ya nemi tsari, ya yi maza ya ɗauko wata hira. Ko matarsa ba za ta ji ba. Yana iya shekara ashirin da tambayar nan a cikinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa, yana takawa yana daurewa.

Masu bayanin wannan hali sukan yi gaggawa. Wanda ba ya addini cewa yake, ai gaskiya suke gudu, sun san in suka tona ginin zai rushe. Wani mai wa'azin kuma cewa yake raunin imani ne, da zuciyar ta cika da tambayar ba ta sami ƙofar shiga ba. Ni ko ɗaya bai gamsar da ni ba. A ganina, galibin masu imani ba su ma kai ga tsoron amsar ba. Abin da ke firgita su shi ne asarar da suke hangowa tun daga bakin ƙofa: lahirarsu, mutanensu, da ƙasar da suka taka suka tsayu a kanta tun suna yara.

Mu fara da kalmar "shakka", domin ta zama buhun da ake cusa kaya iri-iri. Akwai tambayar wanda ya yarda amma yake son ya fahimta. Akwai tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, yana ƙinsa yana korarsa, wato waswasi. Akwai kokwanto na gaske, inda zuciya ta tsaya cak tsakanin e da a'a. Sai kuma tambayar mai neman ƙure, wanda ya riga ya yanke hukuncinsa kafin ya buɗe baki. Malamai sun daɗe da rarrabe waɗannan, kowanne da hukuncinsa. Sai dai wanda bai yi zurfi a karatu ba ba shi da ma'aunin da zai gane inda tasa ta faɗa. Duk abin da ya motsa a zuciyarsa, sunan mafi muni yake ba shi.

Abin mamakin shi ne littattafan addini ba su ɓoye masu tambaya ba. A Suratul Baƙara, aya ta 260, Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu. Aka ce da shi, ba ka yi imani ba ne? Ya ce na yi, sai dai domin zuciyata ta natsu. Ba a tsawata masa ba, aka nuna masa da tsuntsaye huɗu. A aya ta 30 ta wannan sura, mala'iku da kansu sun tambayi hikimar sanya wanda zai yi ɓarna ya zubar da jini a bayan ƙasa. A Sahihu Muslim kuma, Abu Huraira ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo wurin Manzon Allah (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu wanda ya fi ƙarfin su furta. Ya ce, kun ji hakan kuwa? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Masu sharhi suka ce nauyin da abin ya yi musu har suka kasa faɗarsa, shi ne shaidar imanin. A wajen Kirista ma haka zancen yake. Toma, ɗaya daga cikin almajiran Almasihu, ya ce ba zai yarda da tashin Almasihu ba sai ya ga gurbin ƙusoshi da idonsa, kuma bisa ga Linjilar Yahaya an nuna masa. A Linjilar Markus, uban wani yaro mara lafiya ya yi kira cewa ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, duka biyun a numfashi guda.

To in haka ne, daga ina tsoron ya fito? Adalci ne a ce ba ƙirƙirarsa aka yi daga iska ba, domin akwai nassoshin da ke jan kunne. A Suratul Ma'ida, aya ta 101, an hana muminai tambaya kan abubuwan da in an bayyana musu za su ɓata musu rai. Labarin saniyar Bani Isra'ila sananne ne: sun yi ta tambayar shekarunta da launinta har suka tsananta wa kansu. Akwai hadisin Bukhari da Muslim da ke cewa Shaiɗan yakan zo wa ɗayanku ya ce wa ya halicci kaza, wa ya halicci kaza, har ya kai ga cewa wa ya halicci Ubangijinka, wanda ya kai nan ya nemi tsari ya tsaya. Kuma ɗaliban Malikiyya sun haddace amsar da Imamu Malik ya ba wanda ya tambaye shi yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi: daidaituwar sananniya ce, yanayinta ba a san shi ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mahallinsa da irin tambayar da yake nufi. Amma a kunnen yaron da ya ji su a gutsure, saƙo ɗaya ne ke tsayawa: kada ka tambaya.

Daga nan sai lissafi ya shigo, kuma lissafi ne mai ma'ana ga wanda ke cikin imanin. In ka yi kuskure a ra'ayinka na siyasa, iyaka ka ji kunya ko ka yi asarar ƙuri'a. In ka yi kuskure a aƙida, bisa ga abin da ka yarda da shi, wuta ce ba iyaka. Blaise Pascal, masanin lissafi ɗan Faransa da ya rasu a 1662, ya kafa hujja da wannan rashin daidaito wajen kiran mutane zuwa ga imani: abin da za ka rasa in ka yi imani kaɗan ne, abin da za ka rasa in ka ƙi kuwa ba shi da ƙarshe. Mai imani yana yin wannan lissafin a ransa ko bai taɓa jin sunan Pascal ba. Me zan samu in na bi diddigin tambayar nan? Wataƙila ɗan ƙarin fahimta. Me zan rasa? Wataƙila komai. Wanda ya auna haka ya ja da baya ba wawa ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji shi.

Akwai kuma abin da ya fi lahira kusa, wato rayuwar da mutum yake ciki yanzu. Addini ba ra'ayi ba ne da ke ajiye a wani lungu na ƙwaƙwalwa. Shi ne ya gaya wa uwa inda ɗanta da ya rasu yake. Shi ne ya ba wanda aka zalunta haƙurin cewa akwai ranar hisabi. Shi ne dalilin da ya sa wani ya bar haram alhali tana gabansa ba mai gani. In ka ce wa irin wannan uwa ta sake duba tushen imaninta, ba muhawara ka gayyace ta ba, kabarin ɗanta ka ce ta sake tonawa. Ernest Becker, wani masani ɗan Amurka, ya yi bayani a 1973 cewa yawancin abin da ɗan Adam ke ginawa na ma'ana, garkuwa ce da yake tare tsoron mutuwa da ita. Wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka suka gwada batun. A wani bincike da aka buga a 1989, an sa wasu alƙalai su yi tunanin mutuwarsu kafin su yanke kuɗin belin wata mace da ake zargi da karuwanci. Waɗanda aka tuna wa mutuwa sun yanke kimanin dala 455, sauran kuwa kimanin dala 50. Wasu gwaje-gwajen wannan fanni da aka maimaita daga baya ba su ba da sakamako iri ɗaya ba, don haka ban ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ainihin maganar ba ta buƙatar ɗakin gwaji: in mutum ya tuna kushewa, yakan ƙara damƙe abin da ya yarda da shi.

Sai batun shekarun da aka zuba. Leon Festinger, masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa sun shiga cikin wata 'yar ƙungiya a yankin Cikago wadda shugabarta, Dorothy Martin, ta ce ambaliya za ta cinye duniya ranar 21 ga Disamba, 1954, kuma wani jirgi daga sararin sama zai zo ya kwashe su. Wasu sun bar aikinsu, wasu sun rabar da dukiyarsu. Daren ya zo ya wuce, ba jirgi ba ambaliya. Wajen asuba sai shugabar ta ce an aiko mata cewa imaninsu ne ya sa aka ceci duniya. A cewar Festinger, waɗanda suka fi yin asara saboda annabcin, da dama daga cikinsu su ne suka fi riƙe sabon bayanin, har suka fara neman 'yan jarida. Daga nan Festinger ya fitar da ra'ayinsa a 1957 cewa in abin da mutum ya gani ya ci karo da abin da ya yarda da shi, yakan ji wani irin ƙunci, kuma sau da yawa ya fi masa sauƙi ya lanƙwasa abin da ya gani. Ban kawo wannan don in kwatanta manyan addinai da waccan ƙungiya ba, ko kusa. Na kawo shi ne domin halin na kowa ne. Ɗan jam'iyyar da ya tsufa a cikinta yana da shi. Wanda ya yi suna wajen ƙaryata addini ma yana da shi, kuma shi ma akwai tambayoyin da ba ya son su kwana a ɗakinsa.

Amma in za a tambaye ni wanne ya fi nauyi, zan ce mutane. Tsoro na daji, kunya ta gida, kuma a wannan batu su biyun a gida suke. Ba wanda ya karɓi addininsa daga littafi kai tsaye. A cinyar uwa ya fara jin sunan Allah, a bayan uba ya fara tsayuwar ibada. Don haka tambayar takan zo da wani ɗacin da ba na hankali ba: in na ce akwai abin dubawa a nan, kenan na ce mahaifiyata ba ta san abin da take yi ba? Kenan kakana da ya mutu a kan haka ya ɓata? Ƙauna da biyayya sukan toshe bakin da hujja ba ta isa ta toshe ba. Shi kuwa Alƙur'ani ya soki waɗanda hujjarsu kaɗai ita ce sun tarar da iyayensu a kan wani tafarki, kuma malaman tauhidi, ciki har da Sanusi na Tilimsan da ya rasu a 1490, sun yi doguwar muhawara kan ingancin imanin mai koyi ba tare da sanin dalili ba. Wato a cikin al'adar ilimin kanta akwai masu ganin rashin bincike shi ne abin tsoro.

Bayan iyaye sai jama'a. Solomon Asch, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna a gwaje-gwajensa na farkon shekarun 1950 cewa ko a kan tsawon layin da aka zana a takarda, abin da ido ke gani ƙarara, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da ya gwada sun bi amsar jama'a ta kuskure aƙalla sau ɗaya. Kuma baƙi ne da ba za su sake haɗuwa ba. To ina ga mutanen da za su ɗaura maka aure, su raɗa wa ɗanka suna, su sallaci gawarka? Tarihi ya nuna cewa wannan fargaba tana da tushe. A 1656 al'ummar Yahudawan Amstadam suka kori Baruch Spinoza, wanda ya zama shahararren masanin falsafa, yana ɗan shekara 23, suka hana kowa magana da shi, ko zama da shi ƙarƙashin rufi ɗaya, ko karanta rubutunsa. A 1995 wata kotu a Masar ta yanke cewa malamin jami'a Nasr Hamid Abu Zaid ya yi ridda saboda rubuce-rubucensa, ta raba aurensa alhali shi da matarsa ba wanda ya nemi rabuwa, suka yi ƙaura zuwa Holan. A Janairun 1985 gwamnatin Numairi ta rataye Mahmud Muhammad Taha a Sudan bisa zargin ridda, dattijo mai shekara 76. Mutum ba ya buƙatar ya yarda da ra'ayin ko ɗaya daga cikinsu kafin ya gane darasin da na ƙasa ya ɗauka daga ganin abin da ya same su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, in ji masu iya magana, sai dai a nan tsoron mutane ne.

Kada kuma a ɗauka masu riƙo da nassi ne kaɗai ke matsa wa mutane. A shekarar 833, Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su yarda da ra'ayin Mu'utazilawa, masu fifita hankali, cewa Alƙur'ani halitta ne. Imamu Ahmad bin Hambal ya ƙi, aka ɗaure shi, aka yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim. Duk wanda sanda ta shiga hannunsa yakan gaji da tambaya, ko da da sunan hankali ya hau.

Wannan ya kawo ni kan wanda ake tambaya, domin rabin tsoron nan daga gare shi yake tasowa. Yaro ya tambayi malaminsa, ko fastonsa, wani abu mai wuya. Babban ba shi da amsa, kuma girmansa bai bar shi ya ce bai sani ba. Sai ya ɗaure fuska ya ce, kai, wa ya koya maka wannan? Yaron bai sami amsa ba, amma ya koyi cewa tambayar laifi ce, kuma da wannan zai girma. Abin takaici, Imamu Malik ɗin nan da ake kafa hujja da shi wajen rufe baki, an ruwaito an yi masa tambayoyi 48 ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Wannan ɓangaren nasa ba kasafai ake koyi da shi ba. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma mun fi faɗarta ga mai neman hanyar wani gari.

Ga wasu kuma abin ya wuce tunani ya zama ciwo. Akwai mai maimaita alwala sau goma, mai sake niyya har liman ya yi ruku'u, mai ganin kowane tunani da ya gifta masa ya fitar da shi daga addini sai ya sabunta shahada. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan a matsayin wani nau'in cutar tunani mai nacewa, kuma tana da magani. Irin wannan mutum, ƙoƙarin danne tunanin ne ke ƙara masa ƙarfi, tsoratar da shi kuwa zuba wa wuta mai ne.

Shin wanda ya bi tambayarsa yakan dawo? Ba kowa ba. Wasu sun tambaya sun tafi, kuma ɓoye wannan rashin gaskiya ne. Iyayen da ke fargaba ba mafarki suke ba. Sai dai shirun ma bai tsare kowa ba. A yau saurayin da aka hana tambaya a zaure, da dare zai ɗauki wayarsa ya rubuta ta a intanet, kuma wanda ya fara ba shi amsa cikin mutunci shi zai saye zuciyarsa, ko wane ne shi. Wasu kuma sukan rayu da duhun a cikinsu ba tare da sun saki igiyar ba. Teresa ta Kalkata, 'yar ɗarikar Katolika da duniya ta sani da hidimar matalauta, ta rasu a 1997. Da aka buga wasiƙunta a 2007 sai aka ga ta shafe kusan shekara hamsin tana rubuta wa shugabanninta na ruhi cewa ba ta jin kusancin Allah a zuciyarta. Ba ta daina ibada ba, kuma ba ta gaya wa jama'a ba.

Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne Imamu Gazali. Da bakinsa ya ba da labarin yadda ya lura 'ya'yan Kirista suna tashi Kirista, na Yahudu Yahudu, na Musulmi Musulmi, sai ya so ya san mene ne gaskiya in an cire koyi. Ya tuhumi idonsa, ya tuhumi hankalinsa, ya yi kusan wata biyu cikin kokwanton da shi kansa ya kira ciwo, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya warkar da shi ba, wani haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Daga baya, a 1095, yana babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza da ɗalibai ɗari uku a gabansa, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu, abinci ya ƙi shiga. Ya bar kujerar da darajar ya fita, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai bayan kimanin shekara goma sha ɗaya, a Naisabur. Duk wannan ya rubuta shi a littafinsa Munƙiz don kowa ya karanta, kuma al'umma ba ta fasa kiransa Hujjatul Islam ba. Amma wannan Gazalin, dab da rasuwarsa a 1111, littafin da ya kammala shi ne Iljamul Awam, wanda a cikinsa yake cewa a kange gama-garin mutane daga kutsawa cikin ilimin kalam, wato muhawarar aƙida da hujjar hankali, domin tekun ya fi ƙarfin wanda bai iya iyo ba. Shi ya shiga ya fito, sannan ya tsaya a bakin gaɓa yana mayar da na bayansa.